Ya Yi Mani Waƙa, Ni Kuwa Tsoronta Nake Ji

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce, shekaruna 22, a birnin Katsina nake wajen Ƙofar Marusa, ina shekara ta biyu a karatun difloma. Mahaifina ya rasu shekara 4 da suka wuce. Akwai wanda muke tare shekara biyu, an kawo kuɗin gaisuwa, ana maganar sa rana bayan Babbar Sallah. Shi ke biya mani kuɗin makaranta, wayar hannuna ma shi ya saya. A watan jiya ya je sutudiyo aka yi mani waƙa da sunana, kuma shi ya rubuta baitocin da hannunsa. Ƙawayena sai tura wa juna suke, suna cewa na yi dace. Ga abin da ke ciki:

Ke ce iskar da nake shaƙa, in babu ke ba rayuwa,
Rufe idonki ga kowa, ni kaɗai ne abin dubawa,
Tsuntsuwata, ga kejin zinari, ki daina kewayawa,
Ko dangi ko ƙawa, ba mai so irin nawa.
In na yi faɗa so ne, in na yi kuka so ne,
Ran da duk kika bar ni, raina a wuyanki ne.

Duk sanda na saurara sai in yi kuka, ban sani ba na daɗi ne ko na tsoro. Yana karɓar wayata ya duba, ya goge lambobin da bai yarda da su ba. Ya hana ni ɗinkin da nake yi, wai maza na zuwa karɓar kayan matansu. Ya ce in daina zuwa gidan yayata a Daura don tana zuga ni. In na yi jinkirin ɗaga waya sai zagi, washegari ya zo da kuka da tsaraba. Bai taɓa duka na ba, sau ɗaya dai ya murɗe mani hannu. Da na ce a ɗaga maganar auren sai ya ce zai kashe kansa. Ina son shi, kuma ban san yadda zan yi da karatuna in babu shi ba. Gwaggo, waƙar nan so ce ko me? Ko ni ce mai butulci?

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kafin mu taɓa waƙar bari in cire maki ƙaya ɗaya: ba ki yi butulci ba. Mai butulci ba ta kwana tana tuhumar kanta a kan alherin da aka yi mata. Tsoron nan da kike ji hankalinki ne ya riga bakinki gane abin da ke faruwa.

Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, kuma in mun zo nazarin waƙa abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne kada su kama mawaƙi da kalmarsa. Wuce gona da iri sana'arsa ce, a aji muna kiran wannan salo kambamawa. Makaɗin fada zai kira sarki toron giwa, ya ce tafiyarsa na girgiza ƙasa. Mai begen Manzon Allah zai ce bege ya ƙona masa hanta, ba kuwa wanda zai tafi neman likita. Saboda haka da ɗangon farko kaɗai kika turo mani, wannan na iska da numfashi, da na yi murmushi na sa maku albarka. Rabin waƙoƙin da ke tashi a cikin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro abin da suke faɗa ke nan, kuma masu rera su ba su mutu ba da aka yaudare su.

Amma akwai darasi na biyu, shi ne kowace waƙa tana da mai ita, tana kuma da wanda aka yi wa. Waƙar kasuwa ba ta nufin kowa, kowa na iya arawa ya yafa. Taki da hannunsa ya rubuta, da sunanki aka rera, kuma kina riƙe da sharhinta na shekara biyu, wato halinsa. Ƙawayenki kiɗan fiyano suka ji da sunanki a bakin mawaƙi. Ke kuwa kin ji baitocin da hannun da aka murɗe. Shi ya sa su suke guɗa ke kike kuka, alhali waƙa ɗaya kuka saurara.

Ɗauko takarda mu yi abin da nake sa ɗalibai. Ki ja layi ƙarƙashin duk inda aka ba ki umarni. Rufe idonki. Ki daina kewayawa. Yanzu ki nemi inda aka faɗi wani abu a kanki ke kanki: dariyarki, kunyarki, ƙoƙarinki a karatu, iya ɗinkinki, yadda kika tsaya wa mahaifiyarki bayan rasuwa. Babu ko ɗaya. In aka cire sunanki aka sa na wata, waƙar ba za ta rasa komai ba. Wannan ne ya fi tsaya mani a rai. Wanda ke son mace yakan gan ta, in ya tashi yabo abin da ya gani yake faɗa. Baitocin nan daga farko har ƙarshe bukatarsa suke lissafawa, da abin da za ki bari don a biya ta.

Sai ɗangon keji, wanda ban iya wuce shi da sauri ba. Muna yara akwai samarin da ke kiwon kanari a unguwarmu. Wallahi suna son tsuntsayen nan. Su saya masu abinci da kuɗin da su kansu suke bukata, su sauya masu ruwa, su rataye kejin a inuwa in rana ta take. In kanari ya mutu za ki ga ƙato ya kasa cin tuwo. Ba wanda zai ce son ƙarya ne. Abu ɗaya ne ba su taɓa yi ba, buɗe ƙofar kejin, domin sun san abin da suke so shi ne kukan tsuntsun a ƙofar ɗakinsu, tashinsa sama kuwa asara ce a wajensu. Don haka ba zan ce maki yaron nan ba ya son ki ba. Mai yiwuwa yana jin ki a ransa har ya hana shi barci. Abin tambaya shi ne wane irin so, kuma me zai rage naki in kin zauna a cikinsa. Shi da kansa ya zaɓi kalmar keji, ba wanda ya sa shi. Zinarin kuwa kin san shi: kuɗin makaranta, waya, tsaraba.

Ki duba yadda abubuwan da ya hana ki suka jeru. Ɗinki shi ne hanyar da naira ke shigowa hannunki ba ta hannunsa ba. Lambobin waya su ne mutanen da za ki iya kira ba da saninsa ba. Yayarki ta Daura, wadda tafiyar da ke tsakaninku ba ta kai awa biyu a mota ba, ita ce mai kallon lamarin daga waje da idon da so bai rufe ba. Kowanne ƙofa ce, kuma ɗaya bayan ɗaya ake rufe su. Ba lallai ya zauna ya tsara hakan da gangan ba, sau da yawa tsoron rabuwa ne ke tuƙa mutum har ya aikata. Amma a wajenki sakamakon ɗaya ne: ranar da abu ya ɓaci, ki waiga ki ga ba kowa. "Ko dangi ko ƙawa, ba mai so irin nawa" a kunne yabo ne, a aikace kuwa ana koya maki ne ki daina yarda da duk wanda zai iya ce maki ki lura.

Na san abin da za a ce maki, ai kishi ne, kuma namijin da ba ya kishi ba namiji ba ne. Kishi yana da iyaka a addininmu. Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 a nisanci yawan zato kuma kada a yi bincike a kan juna, bai kuwa ware masoya ba. Yanke zumunci babban laifi ne da ko miji ba shi da ikon tilasta wa matarsa, balle wanda har yau ba a shafa fatiha ba. Kuɗin gaisuwa bai ba shi ikon ko da taɓa hannunki ba, ina ga murɗe shi. Kin ce sau ɗaya ne, kin kuma sa shi a ƙarshen magana kamar abin da bai kai a faɗa ba. A wajena shi ne kan gaba. Wanda ya murɗe hannun budurwa a ƙofar gidan iyayenta, lokacin da yake lallaɓa a ba shi, me zai hana shi in ta tare a ɗakin da shi ke riƙe da makulli? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

"In na yi faɗa so ne, in na yi kuka so ne." Wannan ɗangon izini ya rubuta wa kansa tun kafin laifi. In zagi so ne, to ba ranar da za ki iya cewa an zalunce ki. Zagin yau da tsarabar gobe kuwa tsohon abu ne da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da sani. Wata masaniya a Amurka, Lenore Walker, ta bayyana shi tun 1979 bayan ta saurari matan da mazajensu ke cutarwa: rai ya yi ta ɓaci a hankali, sai abu ya fashe, sai ban haƙuri da kuka da kyauta, sai a sake komawa farko. Abin da ke ɗaure mace shi ne zangon ban haƙurin. Daɗin da ya zo bayan azaba ya fi kowane daɗi shiga rai, kamar ruwan sanyi a bakin mai azumi. Sai zuciya ta koyi jiran wannan sa'a, ta riƙa ganin wanda ya ji mata ciwo shi ne kaɗai mai maganin ciwon. In kin ji kina kewarsa sa'o'i kaɗan bayan ya zage ki, kada ki ɗauka kin haukace ko an yi maki asiri. Haka zuciyar kowa ke yi in an daɗe ana ja ana saki.

Abin nan har dokoki sun san da shi. A Ingila tun ƙarshen 2015 juya abokin zama da tilasci da tsoratarwa laifi ne da kan kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5, ko da bai taɓa ɗaga hannu ba. A nan Najeriya dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta ambaci raba mutum da danginsa da abokansa da ƙarfi, da tilasta masa dogaro da wani a kan kuɗi, da cutarwa ta baki da ta zuciya. Ban kawo wannan don ki kai ƙara ba. Na kawo ne don ki san abin da kike kira "bai taɓa duka na ba" yana da suna, kuma ba ke kaɗai ya taɓa samu ba.

Yanzu ɗangon ƙarshe, wanda na tabbata shi ne ke hana ki barci. "Raina a wuyanki ne." Da a waƙa kaɗai ya tsaya, da na sa shi a sahun kambamawa. Amma ya faɗa maki baki da baki, kuma a daidai lokacin da kika nemi a ɗaga aure. Maganar mutuwa da ke fitowa duk sanda kika ce a'a, igiya ce.

Akwai labarin da nake so ki riƙe, yana cikin Sahihul Bukhari daga Ibn Abbas. Barira baiwa ce da Nana A'isha ta 'yanta, mijinta Mugis bawa ne. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa baffansa Abbas maganar mamakin son Mugis ga Barira da ƙin Barira ga Mugis. Ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta. Ba a ce mata hawayen Mugis na wuyanta ba, ba a kira ta mai butulci ba. In mafificin halitta bai ɗora wa mace nauyin kukan namiji ba, wane ne zai ɗora maki?

Duk da haka kada ki yi wasa da maganarsa. Wanda ya ce zai kashe kansa ana ɗaukarsa da gaske, ko da ana zaton barazana ce. Sai dai ɗaukarsa da gaske na nufin a sanar da waɗanda ke da alhakinsa: mahaifinsa, yayansa, wani babba da yake jin nauyi. Su za su sa masa ido, su kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa in abin ya kai, kuma zuwa wajen likitan nan ba abin kunya ba ne. Yarinya mai shekara 22 ba za ta zama asibitin wani ba, aure kuma bai taɓa warkar da irin wannan ciwon ba. Yakan ƙara shi ne, domin abin da mutum ke tsoron rasawa ya zo hannunsa, sai ya ƙara damƙewa.

Ban manta da taki igiyar ba. Kin ce ba ki san yadda za ki yi da karatu in babu shi ba, kuma wannan magana ce ta gaskiya, ba zan share ta da wa'azi ba. Marainiya ce ke, kuɗin makaranta ba ganye ba ne. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, na kuma san wannan karin maganar na yi maki yawo a kai. Amma askin da ake nema a wajenki rayuwarki ce gaba ɗaya, a kan kuɗin difloma na shekara biyu. Ki zauna ki rubuta nawa ne ya rage har ki gama, zango nawa, naira nawa. Sau da yawa abin da ke kama da dutse a cikin dare, in an rubuta shi a takarda sai a ga kawu da yaya da keken ɗinki za su iya ɗagawa. Keken nan ki kakkaɓe masa ƙura tun yau. Ga Sallah tafe, ba lokacin da ɗinki ya fi ciniki. Ko kin aure shi ko ba ki aure shi ba, kada ki sake yarda hannunki ya zauna ba sana'a.

In ra'ayina kike nema, ga shi ba rufa-rufa: a yadda abubuwa suke, ban ga dalilin sa rana ba. Da Fatima 'yar Ƙais ta je wa Manzon Allah da maganar masu neman aurenta, kamar yadda Muslim ya ruwaito, bai ɓoye mata ba, ya ce Abu Jahm, ɗaya daga cikin masu neman, ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, wato mai dukan mata ne, ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Tun kafin aure ake duba hannun mutum. Allah ya siffanta aure a Suratur Rum aya ta 21 da natsuwa da ƙauna da jinƙai. Ki tambayi kanki, in wayarki ta yi ƙara kika ga sunansa, natsuwa ce ke sauko maki ko faɗuwar gaba? Mutum na iya sauyawa, ban yanke masa ƙauna ba. Amma sauyi ana ganinsa ne a watanni, a aikace: ya bar wayarki, ya bar ɗinkinki, ki je Daura ki kwana uku ba tare da zagi ba, ya amsa laifinsa gaban manya ba tare da ya ce ke kika ja ba. Kuka da tsaraba kin riga kin ga iyakarsu.

Abin da nake roƙonki a wannan makon shi ne ki daina ɗaukar kayan nan ke kaɗai. Ki sami mahaifiyarki a ɗaki ki gaya mata komai, har murɗe hannun, har maganar kashe kai, kada ki rage don ki kare shi. Na san kunya, na san kuma tsoron kada a ce an ci kuɗin mutane. Daga nan a kira waliyyinki, baffa ko wanda ya tsaya a madadin mahaifinki, domin maganar da manya suka ƙulla manya ke kwance ta. In za a mayar da kuɗin gaisuwa da kayan da ya kawo, su za su san yadda za a yi, da shawarar malamin da suka yarda da shi. In wayar ce za ta zama abin gori, a haɗa da ita, ƙaramar waya mai tocila ta ishe ki kiran yayarki.

Ki kiyaye wannan da kyau: kada ki gaya masa hukuncinki ku biyu, ko a zaure, ko a mota, ko a wani wurin da ya ce ki same shi don ku yi magana ta ƙarshe. Masu aiki da matan da aka cutar sun daɗe da lura cewa lokacin rabuwa ne irin wannan mutum ya fi zama haɗari. Saƙonnin barazana kada ki goge, ki tura wa yayarki ta ajiye. Ki sauya lambar sirrin wayarki da ta asusunki. In akwai hotunanki a hannunsa da kike tsoron ya yaɗa, ki faɗa wa mahaifiyarki tun yanzu, kunyar minti goma ta fi a riƙe ki da su shekara goma. Ki riƙa tafiya makaranta da abokiyar tafiya. In ya fara tare ki a hanya ko zarya a ƙofar gida, manyanki su kai maganar ga mai unguwa, in ta ƙi a kai ga hukuma. In hali ya yi, ki yi hutun nan a Daura.

Ki yi istihara, amma ki yi ta bayan kin faɗa wa manya gaskiya, domin istihara da shawara tare suke tafiya. Ƙawayenki kuma kada ki riƙe su a rai, abin da suka ji suka yaba. Ki zaɓi ɗaya mai hankali a cikinsu ki karanta mata baitocin a takarda, ba kiɗa, ki gaya mata abin da ya faru da hannunki, ki ga yadda fuskarta za ta koma.

Waƙar kuwa ki cire ta daga wayarki na wata ɗaya. Kiɗa na da hanyar shiga zuciya ba sallama, kuma a yanzu kina bukatar ki ji muryarki ke kaɗai. Bayan kun zauna da mahaifiyarki ki sake rubuto mani, ina son in ji abin da baffanki ya ce, da nawa lissafin kuɗin makarantar ya kama. Allah ya zaɓa maki mafi alheri, ya ba shi lafiya shi ma.

Gwaggonki.